Kakar Zaɓe da Makomar Ƙudurorin Doka kan Karatun Gida: Waiwaye daga Bauchi

1.0 Gabatarwa

Idan aka ce karatun gida a wannan nazari, ana nufin duk wani karatu da ake bai wa yaro ko babba a wajen ajin makarantar boko, ba tare da rajistar hukuma ba. Wannan ya haɗa da makarantar allo da ake yi a zaure ko a ƙofar gida, da tsangaya, da karatun ilimi da magidanta ke ɗauka a gaban malami bayan asuba ko bayan magariba, da karatun matan aure a cikin gida, da kuma uban da ya zaɓi ya koyar da 'ya'yansa da kansa. A birnin Bauchi, kamar sauran biranen ƙasar Hausa, wannan tsari ya girmi makarantar boko nesa ba kusa ba. Tun zamanin Sarki Yakubu na Farko, wanda shi kansa almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, zaure shi ne aji. Rahotannin Turawan mulkin mallaka na farkon ƙarni na 20 sun ƙiyasta cewa akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa, a lokacin da makarantar Ɗanhausa ta Nasarawa a Kano, wadda aka buɗe a 1909, ba ta daɗe da soma aiki ba.

Abin da aka sa gaba a nan shi ne duba yadda lokacin zaɓe yake shafar ƙudurorin dokar da suka danganci waɗannan masu koyarwa. Mai tsara manhaja yana iya ganin kamar ba ruwansa da kalandar siyasa. To amma manhaja ba ta shiga aji sai da doka ko manufa a bayanta, kuma ba ta samun littafi da malami sai da kasafin kuɗi. Duk waɗannan a hannun mutanen da ake zaɓa suke.

2.0 Yadda Ƙuduri Yake Mutuwa

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba Majalisar Dokoki ta Ƙasa wa'adin shekara 4 daga ranar zamanta na farko, kamar yadda ya zo a sashe na 64. Sashe na 105 ya yi irin wannan tanadi ga majalisun jihohi. Da zarar wa'adi ya cika, majalisa ta rushe, kuma duk ƙudurin da bai zama doka ba ya faɗi tare da ita, ko da ya wuce karatu na biyu, ko da an kashe kuɗi an yi masa zaman jin ra'ayin jama'a. Haka kuma idan majalisa ta zartar da ƙuduri, shugaban ƙasa ko gwamna yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa sun sake amincewa kafin ya zama doka. Majalisar da ta rage mata mako biyu ba ta da wannan sarari. Misalin da aka fi sani shi ne ƙudurin 'yancin samun bayanai, wanda majalisa ta zartar a 2007, Shugaba Obasanjo ya sauka bai sa hannu ba, aka koma farko, bai zama doka ba sai a watan Mayun 2011.

Ban da wannan, shekara 4 da ke rubuce ba shekara 4 ba ce a aikace. Watannin farko suna tafiya wajen zaɓen shugabanni da rabon kwamitoci. Shekarar ƙarshe kuwa ta siyasa ce. A ƙarƙashin dokar zaɓe ta 2022, jam'iyyu sun yi zaɓen fid da gwani a watannin Mayu da Yuni na 2022, aka buɗe yaƙin neman zaɓe a ƙarshen Satumba, aka yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairu 2023, na gwamnoni da majalisun jihohi kuma ranar 18 ga Maris. Ke nan ɗan majalisar da ya faɗi zaɓen fid da gwani ya san makomarsa shekara guda cur kafin ya bar kujera, wanda ya ci kuma hankalinsa yana mazaɓa. Idan aka cire waɗannan, abin da ya rage na aikin doka tsantsa bai fi shekara biyu da 'yan watanni ba.

Akwai kuma wani tarnaƙi na daban. Ilimi yana cikin jerin al'amuran da tarayya da jihohi suke da ikon yin doka a kansu tare. Saboda haka dokar da aka yi a Abuja game da yaro da karatunsa sau da yawa sai ta sake bi ta majalisar jiha kafin ta yi aiki a Bauchi. Ƙuduri ɗaya yana da kogi biyu da zai ƙetare, kowanne da lokacin ambaliyarsa.

3.0 Kafin 1999

Ba za a daɗe a nan ba, domin mafi yawan dokokin ilimi na wannan zamani ba majalisa ce ta yi su ba. Abin lura kawai shi ne tun lokacin da siyasar zaɓe ta shigo a shekarun 1950, shugabannin Arewa suka yi taka-tsantsan da batun tilasta karatun boko. Jihar Yamma ta soma ilimin firamare kyauta a Janairun 1955, Jihar Gabas ta bi a 1957, Arewa ba ta bi wannan hanya ba. Ba a rasa masana ilimi a cikin shugabannin ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makarantar Midil ta Bauchi ne kafin ya shiga siyasa, ya kuma yi kwas a Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan daga 1945 zuwa 1946. A Bauchin ne shi da Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suka riƙa tattauna matsalolin Arewa a dandalin muhawarar da aka kafa a farkon shekarun 1940. Dukkansu sun san allo kafin su san alli. Sun kuma san ƙarancin malamai da kuɗi, sun san matsayin malaman zaure a idon talakawan da za su jefa ƙuri'a.

Sojoji ba su da wannan damuwa. Shirin ilimin firamare ga kowa na 1976, wato shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, da umarni aka ƙaddamar da shi. An yi tanadin yara kimanin miliyan 2.3, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Haka Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, da hukumar ilimin makiyaya ta 1989, da hukumar yaƙi da jahilci ta ƙasa ta 1990. Sai dai rashin zaɓe bai kawo ɗorewa ba: hukumar ilimin firamare ta ƙasa an kafa ta a 1988, aka rushe ta a 1991, aka dawo da ita a 1993. A tsakanin nan Jamhuriya ta Biyu, lokacin da Alhaji Abubakar Tatari Ali yake gwamnan Bauchi, ta zo ta wuce cikin shekara 4 da wata 3. Malamin allo bai samu gurbi bayyananne a dokokin wannan zamani ba, kuma ba wanda ya taɓa shi.

4.0 Dokoki Biyu na Farkon Jamhuriya ta Huɗu

A nan ne batun ya fito fili. Ranar 30 ga Satumba 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato. Shirin ya yi kusan shekara 5 yana tafiya babu doka a bayansa. Majalisar da aka rantsar a 1999 ta gama wa'adinta ba a kammala ba, sai a watan Mayun 2004, shekara guda bayan zaɓen 2003, aka sa wa dokar hannu.

Ya kamata mai tsara manhaja ya karanta wannan doka da idon malamin gida, domin tana magana da baki biyu. A sashenta na fassara ta bayyana ilimin bai-ɗaya da faɗi, har ta ambaci ilimin manya, da ilimin da ba na aji ba, da makiyaya, da mata, da almajirai da sunansu. Amma a sashe na 2 ta wajabta wa kowane uba ko mai riƙo ya tabbatar ɗansa ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kuma kammala. Wanda ya saɓa, a karon farko gargaɗi ne, a karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata 1, bayan haka tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata 2. Babu inda ta ce uban da ya koyar da ɗansa a gida, ko ya kai shi gaban alaramma, ya sauke nauyin da ke kansa. Wato almajiri yana cikin waɗanda za a ilimantar, amma karatun da yake yi ba a lissafa shi a matsayin karatu ba. Yaron da ya yi babbaƙu da farfaru, ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, a ƙididdigar hukuma sunansa yaron da ba ya zuwa makaranta. Wannan giɓi ya haura shekara 20 yana nan, kuma kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya da dokar ta keɓe wa ilimin bai-ɗaya ta hannun hukumomin jihohi yake bi, zuwa makarantun da ke da rajista.

Doka ta biyu ita ce ta haƙƙin yara. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1991, amma sashe na 12 na kundin tsarin mulki ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai majalisa ta mayar da ita doka. An kai ƙudurin gaban Majalisar Wakilai, ta yi watsi da shi a watan Oktoban 2002. Babban abin da aka yi ta jayayya a kai shi ne tsayar da shekara 18 a matsayin shekarun aure. A dubi lokacin: saura wata 6 a yi zaɓen Afrilun 2003, kuma jihohin Arewa 12 ba su daɗe da ƙaddamar da shari'ar Musulunci ba, ciki har da Bauchi a 2001. Ɗan majalisar da zai koma gida neman ƙuri'a ba zai so a ce da hannunsa aka yi wannan doka ba. Bayan zaɓe, cikin shekarar 2003 ɗin, ƙudurin ya wuce ya zama doka. Hujjojin masu suka ba su canja ba tsakanin Oktoba da tsakiyar shekarar da ta biyo. Zaɓe ne ya wuce.

5.0 Shekara Ashirin a Bauchi

Dokar 2003 ta tsaya a Abuja, sai jihar da ta ga dama ta ɗauka. Ita ma a sashenta na 15 ta ɗora wa iyaye nauyin kai yaro makaranta, ta kuma hana amfani da yara wajen bara, don haka ta shafi mai tsangaya kai tsaye. A Bauchi gwamnatin Ahmadu Adamu Mu'azu ta ƙare a 2007, ta Malam Isa Yuguda ta yi shekara 8, ta Muhammad Abdullahi Abubakar ta yi 4, duk ba a yi dokar ba. Sai a watan Disambar 2023 Gwamna Bala Muhammad ya sa hannu a kan dokar kare yara ta jihar, Bauchi tana cikin jihohin ƙarshe da suka yi haka.

Ba daidai ba ne a ɗora wannan jinkiri duka a kan zaɓe. Akwai saɓani na gaskiya tsakanin wasu sassan dokar tarayya da fahimtar malamai da iyaye, shi ya sa jihohin Arewa da dama suka sake mata fasali, suka kira ta dokar kare yara. Amma idan aka jera ranakun da aka sa hannu, wani abu yana bayyana. Sakkwato da Jigawa sun yi tasu a ƙarshen 2021, a hannun gwamnonin da suke wa'adi na biyu. A Kano Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a watan Mayun 2023, kwanaki kaɗan kafin ya miƙa mulki. A Bauchi kuwa wata 9 ne bayan gwamna ya ci zaɓen wa'adinsa na biyu. Duk waɗannan mutane ne da ba za su sake tsayawa neman kujerar gwamna ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san Bauchi. Malaman tsangaya da na zaure ba su da ƙungiyar ƙwadago irin ta malaman boko, amma suna da abin da ya fi ta a kakar zaɓe, wato kunnen jama'a. Gari ne da ya yi suna da mahaddata, gari ne na marigayi Shaihu Ɗahiru Usman Bauchi, wanda gidansa ya kasance wurin ziyarar manyan 'yan takara na kowace jam'iyya. Saboda haka duk ƙudurin da ke da ƙamshin takura wa allo, ba mai kusantarsa in zaɓe ya gabato. Abin takaicin shi ne wannan tsoro bai bambanta ƙudurin takurawa da na taimako ba. Shirun da ya kare malamin gida daga tara shi ne kuma ya hana shi samun rajista, da tallafi, da takardar shaidar da ɗalibinsa zai shiga aji da ita.

Wani lokaci kuma ba tsoro ba ne, rikicin bayan zaɓe ne yake cinye lokaci. Zaɓen gwamnan Bauchi na 2019 bai kammalu a zagayen farko ba, sai da aka yi na cike gurbi ranar 23 ga Maris. PDP ta samu gwamna, APC ta samu rinjaye a majalisa mai kujera 31. Ranar 20 ga Yuni aka wayi gari da kakaki biyu, Abubakar Sulaiman a cikin zauren majalisa, Kawuwa Damina a harabarta. Makonni suka shuɗe kafin a sasanta. A wannan watan ne mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Babagana Monguno, ya yi maganar haramta almajirci, fadar shugaban ƙasa kuma ta fito ta ce ba yanzu ba. A lura cewa wata 4 bayan zaɓe aka furta wannan. Da annobar korona ta zo a 2020 aka rufe makarantu, kowane gida ya koma makaranta, gwamnonin Arewa suka shiga mayar da almajirai jihohinsu na asali da umarnin zartarwa kawai.

Wannan hali ba na Nijeriya kaɗai ba ne. A Ingila, bayan rahoton Graham Badman na 2009, gwamnati ta kai ƙudurin da zai wajabta wa masu koyar da 'ya'yansu a gida yin rajista. Da aka sa ranar zaɓen Mayun 2010, sai aka shiga cinikin kwanakin ƙarshe tsakanin jam'iyyu, aka zare wannan sashe don sauran ƙudurin ya wuce. Bambancin shi ne a can doka ta riga ta amince da karatun gida, ana jayayya ne a kan sa ido. A nan amincewar ce ba a samu ba tukuna.

6.0 Dokar Bankwana da Manufar da Ba Ta da Doka

Taga ta biyu da irin waɗannan dokoki suke fitowa ita ce makon ƙarshe na gwamnati. A ƙarshen watan Mayun 2023, ana saura kwanaki ya sauka, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kafa hukumar ƙasa ta ilimin almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta, wadda ɗan majalisa Balarabe Shehu Kakale daga Sakkwato ya gabatar. Wannan ne karo na farko da tsangaya ta samu hukumar tarayya ta kanta. Sai dai dokar bankwana marainiya ce. Wanda ya haife ta ya tafi, kasafin shekarar an riga an zartar da shi, wanda ya gaje ta kuma yana da nasa alkawuran. Sai a 2024 sabuwar gwamnati ta naɗa wa hukumar nata shugabannin.

Abin da ba shi da doka ko kaɗan ya fi wannan rauni. Makarantun tsangaya na zamani da gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina, fiye da 150, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a Gagi ta Sakkwato a watan Afrilun 2012, shiri ne na gwamnati. Da gwamnatin ta faɗi zaɓen Maris 2015, da yawansu suka zama kufai ko aka mayar da su wani abu daban. An tsara musu manhajar haɗa karatun Alƙur'ani da na boko, an buga littattafai, amma malamin da zai koyar da abincin da ɗalibi zai ci ba su da madogara a doka.

Misalin da ya fi kusa da aikin wannan cibiya shi ne na harshe. Ranar 30 ga Nuwamba 2022, saura ƙasa da wata 3 a yi zaɓe, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da Manufar Harshe ta Ƙasa, wadda ta ce a koyar da yaro da harshen uwa a duk shekara 6 na firamare. Ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ɗan Azare ne a Jihar Bauchi, kuma shi da kansa ya faɗa cewa aiwatarwa sai an tanadi littattafai da malamai. Ba a kai manufar majalisa ta zama doka ba. A watan Nuwambar 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke ta, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa. Shekara 3 ke nan, alhali yaron da ya shiga aji ɗaya a ƙarƙashinta bai ko kai aji huɗu ba.

Ga mai karatun gida wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Hausa ce gadar da ke tsakanin zaure da aji. Da ita alaramma yake yi wa ƙolo bayani, da ita ake fassara Ahalari da Ishmawi da Iziyya, da ita uwa take koya wa 'yarta a tsakar gida, kamar yadda jajis ɗin Nana Asma'u suka riƙa yi tun ƙarni na 19. Yaron da ya iya ajami ya riga ya san cewa alama tana wakiltar sauti, don haka koya masa boko da Hausa aikin watanni ne. Idan aka ce sai da Ingilishi za a karɓe shi, an mayar da shi matsayin wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba.

Tsara manhaja guda, daga binciken buƙatu zuwa gwaji a makarantu, zuwa horar da malamai da buga littafi, yakan ɗauki lokacin da ya fi tsakiyar wa'adin majalisa tsawo. Saboda haka ra'ayin wannan nazari shi ne kayan koyar da Hausa da za a shirya wa masu karatun gida a gina su yadda za su tsaya da ƙafarsu: littafin share fage mai ajami da boko a shafi ɗaya, darussa gajeru da za su shiga tsakanin karatun safe da na yamma ko a ranakun Alhamis da Juma'a da ake hutun allo, da jagoran malami wanda gardi ko uwar gida za su iya bi ba tare da sun je kwas ba. Irin wannan littafi yana aiki ko da manufa ta canja. Abin da ba zai yiwu ba sai da doka shi ne gwajin tantance matsayi, wanda zai ba ɗan tsangaya takardar shiga ajin da ya dace da iliminsa, da kuma gyaran sashe na 2 na dokar 2004 yadda zai amince da karatun da aka yi a wajen aji. Majalisar ƙasa da ta Jihar Bauchi da aka rantsar a watan Yunin 2023 wa'adinsu yana ƙarewa a watan Yunin 2027. Duk daftarin da cibiya da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha suke son ya tsira, gara a kammala shi da Hausa da Ingilishi, a zaga da shi zaurukan malamai tun yanzu, a ajiye shi a shirye domin watanni 12 na farkon majalisar da za ta biyo baya.